Lissafin Tishi: Yadda A Ke Gano Siffar Ɓoyayyen Abu Daga Taguwar Da Ya Warwatsa

1. Maƙasudi

Akwai wata magana da a kan ji a bakin malaman makaranta, wai Hausa ta isa a koyar da ƙidaya da awon gona da ita, amma da zarar an kai ga lissafi mai zurfi sai a tattara a koma Turanci. Yabon harshe ba ya raba irin wannan gardama, kushe shi ma haka. Abin da zai raba ta shi ne a ɗauko fanni guda wanda kowa ya yarda yana da wuya, a bayyana shi da Hausa tun daga tushe, sa'an nan a duba inda kalma ta samu a sauƙaƙe da inda sai an nemo ta. Fannin da wannan takarda ta zaɓa shi ne dabarar da masana ke bi su gano siffar abin da ido ba ya kaiwa gare shi, a cikin ƙasa ko a cikin jikin mutum. Su kan aika masa da taguwa, su auna abin da ya komo, kana su yi ta lissafi suna gyarawa har siffar ta fito.

Tushen abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mai sayen tukunya ya kan ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, in ta yi amo garau ya san ba ta da tsaga. Mai sayen kankana a bakin hanyar Kura ya kan bubbuga ta da tafin hannu kafin ya biya. Su duka biyu amsa ɗaya su ke nema, i ko a'a. Masani kuwa taswira ya ke nema: ina tsagar ta ke, mene ne tsawonta, ina ta nufa.

2. Abin da ke ƙarƙashin gonaki

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ne babbar hanyar ruwa ta ke gangarowa da kanta, ba tare da injin turawa ba, ta shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda a ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. A Tamburawa kuma, cikin ƙasar Dawakin Kudu, a ke tace ruwan kogin a tura shi birnin Kano.

Ƙasar wannan yanki a kan tsohon dutse ta ke zaune, irin wanda ya ɓullo fili a duwatsun Rano. Dutse mai lafiya ba ya riƙe ruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wuri biyu ya ke kwanciya: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke tsakanin ƙasar sama da falalen ƙasa, da kuma cikin tsagogin falalen kansa. Kaurin ruɓaɓɓen nan ba ɗaya ba ne ko'ina. A kan haƙa rijiya a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tarar da fa busasshe. Mutanen ƙauyen da suka haɗa kuɗi aka haƙa musu burtsatse ta fito ba ruwa sun san nauyin wannan magana. Saboda haka a shekarun 1980, sa'ad da hukumar KNARDA ta yi aikin haƙa burtsatse a ƙauyukan Jihar Kano, an riƙa auna ƙasa da lantarki da maganaɗisu kafin a zaɓi wurin haƙa.

Gonakin rani suna da tasu damuwar. Inda aka daɗe ana ban ruwa, magudanai kuwa suka toshe, ruwan ƙasa ya kan taso kusa da saiwa, gona ta jiƙe, gishiri ya fito sama. Haka nan ganuwar madatsa da gefen hanyar ruwa su kan yi tsiyaya ta ciki tun kafin a ga alama a waje. Duk waɗannan tambaya ɗaya su ke yi: me ke ciki, in ba a so a tona?

3. Taguwa da halinta

In aka jefa tsakuwa a ruwan da ke kwance, sai a ga zobba suna fita daga wurin suna faɗaɗa. Ruwan ba ya bin su, yana ɗagawa ne yana sauka a inda ya ke. Motsin ne kaɗai ke tafiya. Wannan motsi mai tafiya shi ne taguwa. Sauti taguwa ne, haske taguwa ne, haka girgizar da ke ratsa ƙasa in an buga ta da guduma.

Abu uku ya kamata a riƙe game da ita. Na farko, saurinta ya dogara ga abin da ta ke ratsawa. Sauti na cin kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, kimanin 1,500 cikin ruwa, ya haura 5,000 cikin dutse mai tauri. Na biyu, tana da zango, watau tazarar da ke tsakanin tozon taguwa da tozon mai bi mata. Masu sauraron rediyo sun daɗe da sanin gajeren zango da matsakaicin zango, ma'anar kuwa ita ce wannan. A kan sami zango in an raba sauri da yawan kaɗawa a daƙiƙa. Taguwa mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai saurin mita 1,500, zangonta mita 15 ne. Ta na'urar duban ciki a asibiti, mai kaɗawa sau miliyan 3, zangonta kimanin rabin milimita ne. Bisa ƙa'ida, abin da bai kai kusan rabin zango ba, da wuya a rarrabe shi. Na uku, in taguwa ta ci karo da abin da ya saɓa wa kewayensa, sai ta warwatsu. A kafa turke a cikin ruwan nan a sake jefa tsakuwa: zobba na isa turken, sai wasu sababbi su taso daga gare shi su bazu ko'ina, sai ka ce shi ma tsakuwa aka jefa. Wanda ke bakin gaɓa, ko da bai ga turken ba, zobban da suka iso masa suna ɗauke da labarinsa.

Ma'auna ƙasa su kan jera ƙananan na'urorin saurare, 12 ko 24, a kan layi ɗaya, su ajiye faranti na ƙarfe su buga shi da guduma, na'ura ta rubuta lokacin da girgiza ta isa kowace. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan fanni kuwa ji ne ke haifar da gani.

4. Lissafin tafi da lissafin komo

In an san abin da ke cikin ƙasa, aka nemi sanin abin da na'urorin za su ji, wannan shi ne lissafin tafi. Yana da yawa, amma hanyarsa a miƙe ta ke, amsarsa kuma ɗaya ce. In kuwa an san abin da na'urorin suka ji, aka nemi sanin abin da ke cikin ƙasa, wannan shi ne lissafin komo. Bambancinsu kamar bambancin wanda ya ga dabba ya faɗi irin sawun da za ta bari ne, da mabiyin sawu wanda ya ga sawu kaɗai ya ke so ya faɗi dabbar da girmanta.

A 1917 Johann Radon, ɗan ƙasar Ostiriya, ya tabbatar da cewa in an san jimillar abu a kan kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa fili, to ana iya lissafo abin da ke kowane ɗigo na filin. Magana ce ta lissafi zalla, ta kwanta shekara da shekaru. Allan Cormack ya sake gano ta a 1963 da 1964 yana tunanin aikin asibiti. Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, ya ƙera na'urar da ta fara duba kan majinyaci a 1971 a asibitin Atkinson Morley na Landan. Su biyu aka ba lambar Nobel a 1979. Jikokin wannan na'ura ne a ke aiki da su a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sunan fannin a harsunan Turai daga kalmomin Girkanci biyu ya fito, masu ma'anar yanki da zane, domin abin da a ke samu shi ne zanen abu kamar an yanka shi an duba fuskar yankan.

5. Misalin gonaki huɗu

Ga misalin da ɗalibi zai iya yi a kan allo. A ɗauka akwai gonakin shinkafa huɗu a haɗe, A da B a arewa, C da D a kudu, A da C a yamma, B da D a gabas. Ba a san buhunan da kowace ta ba da ba, jimilla kaɗai aka sani. A da B sun ba da 60, C da D 140, A da C 80, B da D 120.

A fara da cewa kowace gona ba ta ba da kome ba. A ɗauki awo na farko: ƙiyasi ya ce sifiri, awo ya ce 60, giɓi 60 ke nan. A raba shi daidai, A ta sami 30, B ta sami 30. Haka C da D, kowace 70. Yanzu a juya ga yamma da gabas. A da C sun zama 100, alhali awo 80 ya ce, sai a rage wa kowace 10. B da D sun zama 100, awo kuwa 120, sai a ƙara wa kowace 10. An sami A 20, B 40, C 60, D 80, kuma duk awo huɗu sun dace.

Amma fa dacewa da awo ba ita ce gaskiya ba. In da A 10 ce, B 50, C 70, D 70, jimilla huɗun nan ba za su sāke ba ko da buhu ɗaya. Awon bai isa ya raba amsoshin biyu ba. Sai an kawo na biyar daga wata fuska. A ce an sami labari A da D, waɗanda ke kusurwa da kusurwa, sun ba da 80. Ƙiyasi ya ce 100, sai a rage wa kowace 10. Wannan gyara ya ɓata jimillar arewa da ta kudu, suka koma 50 da 130, sai a ƙara wa kowace gona 5. Aka sake komawa kusurwa aka tarar da 90, aka rage, aka sake daidaita arewa da kudu. Ga yadda abin ya ke tafiya a ƙarshen kowane zagaye:

Zagaye na 1: A 20, B 40, C 60, D 80
Zagaye na 2: A 15, B 45, C 65, D 75
Zagaye na 3: A 12½, B 47½, C 67½, D 72½
Zagaye na 4: A 11¼, B 48¾, C 68¾, D 71¼

Kuskure na raguwa da rabi a kowane zagaye, ƙiyasi na matsawa ga 10, 50, 70, 70. Ba zai taɓa sauka a kansu cif ba, amma zai kusance su gwargwadon yadda a ke so. Stefan Kaczmarz, ɗan ƙasar Folan, shi ya bayyana wannan hanya a 1937, Gordon da Bender da Herman kuma suka shigo da ita aikin zanen yanki a 1970. A maimakon gona a sa ƙaramin ɗaki na ƙasa ko na tsoka, a maimakon buhu a sa lokacin da taguwa ta ɓata a ciki, ko ƙarfin da ta rasa, to an sami ainihin aikin. Na'urar Hounsfield ta farko ta kan ɗauki awo 28,800 domin ta cike ɗakuna 6,400, watau 80 sau 80, kuma da irin wannan gyara bi da bi ta ke yi.

Malaman soro ba za su ga baƙon abu a nan ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan hatimi, watau gidajen lambobi waɗanda jimillarsu a kwance da a tsaye da ta kusurwa ta ke zama ɗaya. Hatimi mai gida tara, wanda jimillarsa 15 ce, ana iya jera shi hanya takwas in an juya shi ko an birkice shi. Wannan ma shaida ce cewa jimilla ba kullum ta ke tsai da amsa guda ba.

6. Inda hanya ta karkace

Misalin da ya gabata ya tsaya a kan sharaɗi ɗaya, cewa an san gonakin da kowane awo ya ratsa. Hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda Röntgen ya gano a 1895, kusan a miƙe ya ke tafiya, saboda haka sharaɗin ya cika. Sauti da girgizar ƙasa ba haka su ke ba.

A ce na'urar saurare na nesa da guduma da mita 30, ƙasar sama na da saurin mita 500 a daƙiƙa, a zurfin mita 10 kuma akwai fa mai saurin 5,000. Taguwar da ta bi ta sama kai tsaye za ta ci kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wadda ta nutsa ta hau kan fa, ta ruga a kansa, ta sake fitowa, kimanin kashi 46 za ta ci. Ta yi doguwar tafiya amma ta riga isa, kamar mai keke da ya bar turbar rairayi ya zaga ta kwaltar Zariya. Ashe hanyar da taguwa ta bi ta dogara ga abin da ke cikin ƙasa, shi ne kuwa abin da a ke nema. Ba a sanin ƙasa sai an san hanya, ba a sanin hanya sai an san ƙasa. Har wa yau, in turaku biyu ne a ruwa, zobban da na farko ya warwatsa za su bugi na biyu ya sake warwatsa su, su komo wa na farko. Abin da ya isa gaɓa ba zai zama jimillar aikin kowane turke shi kaɗai ba.

Mafita ta farko ita ce sassauci da ya samo suna daga Max Born, wanda ya yi aiki da shi a 1926 wajen nazarin karon ƙwayoyin zarra. A kan ɗauka taguwar da ke cikin abu daidai ta ke da wadda aka aika, kamar abin bai taɓa ta ba. A 1969 Emil Wolf ya nuna yadda za a lissafo siffar abu daga hasken da ya warwatsa bisa wannan sassauci. Yana aiki in abin ƙarami ne kuma bai bambanta da kewayensa ƙwarai ba. In ya zama fa ne a cikin laka, ko ƙashi a cikin tsoka, sai ya ba da siffa gurɓatacciya.

Mafita ta biyu ita ce a mai da wannan sassauci matakin farko kawai. Ga tsarin:

(a) A yi ƙiyasin farko na abin da ke ciki.
(b) A yi lissafin tafi: in ƙiyasin gaskiya ne, me na'urorin za su ji?
(c) A gwama da abin da suka ji a zahiri, a fitar da giɓi.
(d) A gyara ƙiyasi ta fuskar da za ta rage giɓin.
(e) A koma (b) da sabon ƙiyasi, domin hanyoyin taguwa sun sāke tare da shi.

Wang da Chew na Jami'ar Illinois a Amurka sun bayyana tsari irin wannan a 1989. Tun a 1984 Albert Tarantola a Faransa ya nuna dabarar yin mataki na (d) ga girgizar ƙasa. A cikin kwamfuta a kan mai da giɓin kansa taguwa, a tura shi da baya daga wuraren saurare. Inda ya haɗu da taguwar da ta taso daga guduma a lokaci ɗaya, nan ne ƙiyasi ke bukatar gyara. Kamar mutum biyu ne da suka biyo sawu, ɗaya daga mafari ɗaya daga maƙura. Awon lantarki da a ke yi wa wurin burtsatse ba na taguwa ba ne, gama lantarkin gudana ya ke yi, amma shi ma yana kauce wa dutse ya bi jiƙaƙƙiyar ƙasa, saboda haka matakai biyar ɗin nan ne a ke bi wajen zana sakamakonsa.

7. Linzami da wurin tsayawa

A 1902 Jacques Hadamard na Faransa ya kafa sharuɗɗa uku na tambaya mai lafiya: ta kasance tana da amsa, amsar ta zama ɗaya, kuma ƙaramin kuskure a awo kada ya haifar da babban kuskure a amsa. Lissafin komo ya kan karya duka ukun. An ga na biyu a misalin gonaki. Na farko kuwa, a ce mai ƙirga buhu ya yi tuntuɓe ya rubuta 124 a maimakon 120. Arewa da kudu sun ce gonakin duka sun ba da 200, yamma da gabas sun ce 204. Babu lambobi huɗu da za su gamsar da su, sai lissafi ya yi ta kai da kawowa. Na uku shi ne mafi haɗari. Tun da ya ke kowane awo na ɗauke da hayaniya, ta iska ko ta mota mai wucewa ko ta na'urar kanta, in aka bar lissafi ya yi ta rage giɓi ba iyaka, zai fara ƙago duwatsu da ramukan da babu su domin ya bayyana hayaniyar.

Magani uku a ke yi. Na ɗaya, wanda Andrei Tikhonov na Rasha ya tsara a 1963, shi ne a sa wa lissafi linzami. A ce masa, cikin siffofin da suka dace da awo, ka fifita wadda ba ta da tsalle-tsalle, ko wadda ba ta yi nisa da abin da aka riga aka sani ba. In linzami ya yi tsanani siffa ta dushe, in ya yi sako-sako ta cika da ƙarya. Na biyu, ƙa'idar Morozov ta 1966: a tsaya da zarar giɓi ya sauko daidai da girman hayaniyar da aka san tana cikin awo. Na uku ya shafi makuwa. Mai neman kogi da dare ta hanyar bin gangare, yana iya faɗawa kududdufi ya ga ko'ina tudu ne ya ce ya iso. Lissafi ma haka, in ƙiyasin farko ya yi nisa da gaskiya. Don haka a kan fara da taguwa mai dogon zango a sami siffa a dunƙule, kana a shigo da gajere a fitar da ƙananan abubuwa.

Duk da haka akwai abin da lissafi ba ya rabawa. Laka da yashi mai ruwan gishiri duka suna barin lantarki ya wuce a sauƙaƙe, a zane kuwa za su yi kama, alhali ɗaya ba ta ba da ruwa. A nan ne sanin tsohon maginin rijiya, wanda zai ce a gaba kaza aka bar marmara, a gaba kaza aka taɓa ruwa, ya ke shiga cikin lissafi a matsayin ƙiyasin farko da linzami.

8. Kalmomi

Yanzu a waiwayi kalmomin da aka yi aiki da su. Awo, ƙiyasi, giɓi, zagaye, hayaniya da linzami duk na yau da kullum ne, ma'anarsu kaɗai aka tsuke. An zaɓi ƙiyasi a kan kirdado da kintace, domin ƙiyasi na nuna an gina zato a kan hujja, kamar yadda ya ke a fiƙihu. Zango rediyo ce ta riga ta kafa shi. Taguwa na da matsala, gama tana nufin raƙuma, kuma a rubuce ta yi daidai da sunan riga. Amma siffar tozo ce ta sa a ke cewa raƙuman ruwa, kuma kalma guda ta fi sauƙin sarrafawa. Igiyar ruwa ta kan sa ɗalibi ya zaci ruwan ne ke tafiya.

Tsarin aikatau, wanda F. W. Parsons ya kasa giredi bakwai a 1960, ya ba da taimako mai yawa. Ƙarshen -o na nuna an jawo abu zuwa ga mai magana, shi ya sa lissafo da gano da komo suka dace da aikin fito da ɓoyayyen abu. Ƙarshen -u na nuna yiwuwa: tsagar da ba ta kai rabin zango ba ba ta ganuwa, giɓi na raguwa. Ninki kuma na nuna yawa, watsa ta zama warwatsa, wadda da kanta ta ce fuskoki da yawa aka nufa.

Kalmar da ta fi wuya ita ce sunan hanyar kanta. Maimaici bai dace ba, domin mai maimaitawa abu ɗaya ya ke sake yi ba sauyi. A nan kuwa abin da zagaye ya fitar shi ne a ke zuba wa na gaba. Mace in ta niƙa hatsi ya fito da tsaki, ba ta ɗauko sabon hatsi, garin nan ta ke mayarwa kan dutse ta tisa, kowane tishi kuma ya fi na baya laushi. Ta kuma san lokacin da za ta daina. Saboda haka aka ba da shawarar lissafin tishi. Wani zai ce ai tisa karatu maimaici ne. Amsa ita ce almajiri mai tishi a kan haddarsa ta jiya ya ke ɗorawa, yana gyara inda ya yi gargada.

Kalma ɗaya ta cancanci a yi hattara da ita, ita ce hoto. Ta riga ta zauna a bakin mutane a asibiti, ba mai iya tumɓuke ta. Amma tana sa a zaci na'ura ta leƙa ciki ta gani. Abin da ke kan takardar ƙiyasi ne na zagayen ƙarshe, wanda awo da linzami suka haɗu suka haifa. A aji ya fi kyau a ce siffar da aka lissafo.

9. Abin da ya rage ga malamai

Tun 1977 Makarantar Kimiyya ta Dawakin Kudu ta ke yaye ɗaliban da su ke zama likitoci da injiniyoyi. Da yawansu wata rana za su tsaya gaban dagaci ko majinyaci da takarda mai launi a hannu, su bayyana da Hausa inda za a haƙa ko inda za a yanka. In ba su da kalmar da za su ce wannan wuri awo ya tabbatar da shi, wancan kuwa linzami ne ya cike shi, to mai sauraro zai ɗauki duka a matsayin gani da ido, ya zuba kuɗinsa ko lafiyarsa a kai.

Malamin kwalejin horar da malamai ba ya bukatar kwamfuta domin ya shuka wannan fahimta. Daro cike da ruwa da tsakuwa da kara sun isa su nuna warwatsuwa. Allo da alli sun isa misalin gonaki huɗu. A ɓoye lambobin a ba ɗalibai jimilla huɗu, a bar su su kawo amsoshi dabam-dabam waɗanda duka suka dace, sa'an nan a ba su ta biyar su tisa. In sun gama, a lalata jimilla ɗaya da gangan a tambaye su a zagaye na nawa ya kamata su tsaya, da dalili. Kalmomin da aka kawo a nan su ma ƙiyasin farko ne. Malaman da suka gwada su a aji su ne za su san wadda ta zauna a bakin ɗalibai da wadda ke bukatar a mai da ita kan dutse.